Shin ya kamata doka ta hukunta wanda ya buɗe na'urar wasan bidiyo da ya saya da kuɗinsa?

Abban_Hafsa:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina da wata tambaya da ta hana ni sukuni tun makon jiya, kuma na san a cikinmu akwai masu gyara, akwai lauyoyi, akwai waɗanda suka fi ni sanin wannan harka nesa ba kusa ba. Na saya wa yarana PlayStation 3 'yar Beljiyam, na kai ta wurin mai gyara domin ya duba lafiyarta kafin in shiga da ita gida. Bayan ya kunna ta ya ga komai lafiya, sai ya tambaye ni ko ina so a buɗe ta, wato a ƙetare makullin da kamfani ya sa mata domin hana kunna wasan da ba na asali ba, a zuba mata wasanni a ciki, tun da faifan asali yanzu sai an tona kafin a samu. Na ce masa ya dakata tukuna. Abin da ya sa na yi jinkiri shi ne labarin Gary Bowser, ɗan ƙasar Kanada, wanda wata kotu a Amurka ta ɗaure wata 40 a watan Fabrairun 2022, aka kuma ɗora masa biyan kamfanin Nintendo dala miliyan 4.5 a shari'ar laifi da wata dala miliyan 10 a ƙarar da kamfanin ya shigar da kansa, duk a kan kayan buɗe na'urorin wasa. Tambayata ita ce, idan na sayi abu da gumina, na biya, aka miƙo mini shi, da wane dalili dokar haƙƙin mallaka za ta shiga tsakanina da abin da ke cikin ɗakina? Ko kuwa akwai wani gefe na maganar da ban hango ba?

MaiGyara_Fagge:
Wa alaikumus salam, Malam. Shekarata 14 a wannan sana'a, kuma abu na farko da zan roƙa shi ne a daina ɗaukar buɗewa a matsayin aiki guda. A zamanin PlayStation 2 cip muke liƙawa a jikin allon na'urar da dalma da siraran wayoyi, daga baya aka samu hanyar yin abin ta katin memori ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba. A na'urorin da suka biyo baya, da filas ake yi, muddin manhajar da ke tafiyar da na'urar tsohuwa ce ba a sabunta ta ba. Akwai kuma nau'i na uku da ba a cika maganarsa ba, wato gyara zalla. A na'urori da yawa, sashen da ke karanta faifai an ɗaura masa aure da babban allo tun daga masana'anta, ta yadda idan ya ƙone ka sa wani lafiyayye, na'urar za ta ƙi karɓarsa. Bayan ƙaramar sallah wani yaro ya kawo mini tasa a cikin leda baƙa, wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona ƙaramin allon faifan, tun kafin in cire murfi ƙaurin ya buge ni. Kuɗin barka da sallarsa ne a hannunsa, ya naɗe su da roba. Ina da irin sashen a shago, amma ba yadda za a yi ya yi aiki sai na bi ta bayan makullin na sake haɗa su. Faifansa biyu na asali suna cikin ledar. Wannan yaro bai saci komai ba, ni ma ban saci komai ba. Duk da haka ba zan ɓoye muku ba, mafi yawan masu zuwa wurina wasanni suke so a zuba musu.

Barista_Hauwa:
Malam Abban Hafsa, tambayarka ta taɓa ainihin wurin da masana shari'a da kansu suke saɓani. Asalin dokar haƙƙin mallaka kwafi take hanawa, wato ka ɗauki aikin wani ka buga ko ka rarraba ba da izininsa ba. Amma a 1996 aka ƙulla yarjejeniya a ƙarƙashin WIPO, hukumar kare haƙƙin ƙirƙira ta duniya, kuma sashenta na 11 ya wajabta wa ƙasashe su kare makullan fasaha da masu haƙƙi ke sa wa ayyukansu. Amurka ta aiwatar da wannan a dokarta ta DMCA a 1998, kuma sashe na 1201 ya hana abu biyu: ƙetare makullin, da ƙera ko sayar da kayan ƙetare shi. Wasu kotunan ƙasar sun fassara sashen da cewa laifin yana tabbata ko da ba a kwafi komai ba. Saboda an san dokar tana da faɗi, duk shekara uku Laburaren Majalisar Dokokin Amurka yake fitar da jerin abubuwan da aka keɓe. A 2010 ya halatta buɗe wayar hannu domin sa mata manhajar da mai ita yake so. A 2012 aka nemi a yi wa na'urorin wasa irin wannan sassauci, aka ƙi, bisa hujjar cewa buɗe su yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da satar wasanni. Sai a 2021 aka yarda a ƙetare makullin domin gyara ko canza sashen karanta faifai kaɗai, wato daidai aikin da ɗan'uwanmu na Fagge ya bayyana, da sharaɗin a mayar da makullin yadda yake bayan gyara. Kada kuma a ɗauka maganar ta Amurka ce kawai. Nijeriya ta tabbatar da waccan yarjejeniya a 2017, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, sashenta na 50 ya yi magana a kan ƙetare makullan fasaha da kasuwancin kayan yin hakan.

Sadiq_Zariya:
Ina so in gyara wani abu a bayanin mai tambaya, domin kada a gina muhawarar a kan kuskure. Ba a ɗaure Bowser don ya buɗe na'urarsa a ɗakinsa ba. Yana aiki ne da wata ƙungiya mai suna Team Xecuter da ke ƙera kayan buɗewa tana sayarwa a faɗin duniya, shi ne mai tallata su da kula da shafukansu, kuma shi da bakinsa ya amsa laifi a gaban kotu bayan an kamo shi daga Jamhuriyar Dominika a 2020. Ana iya cewa hukuncin ya yi tsanani, ni ma haka nake gani, amma tsakaninsa da uban da ya saya wa 'ya'yansa tsohuwar na'ura akwai tazara mai nisa.

Tace_Fim_Kano:
Ni mai tace fina-finai ne, kuma ina karanta wannan magana da ciwo a zuciyata. Na ga lokacin da kasuwar Ƙofar Wambai take cike da dillalan faifai, mutane ɗaruruwa suna cin abinci daga fim ɗaya, tun daga marubuci har zuwa yaron da ke liƙa takarda a jikin kwali. Na kuma ga lokacin da za mu kwana uku ba barci muna tace aiki, a sake shi ranar Juma'a, kafin Lahadi yana cikin wayoyin mutane daga hannun masu turawa a bakin titi, a kan kuɗin da bai kai na ruwan leda biyar ba. Duk wanda ya tura yana cewa wayarsa ce, memorinsa ne, da kuɗinsa ya saya. Irin wannan hujjar nake ji a nan. Wasan bidiyo ma mutane ne suke yin sa, masu zane da masu rubuta manhaja da masu haɗa sauti, wasu shekara huɗu ko biyar suke yi a kan wasa ɗaya. Idan muna so a mutunta gumin ɗan Kano, ba mu da bakin halatta gumin ɗan Japan don kawai ba mu san fuskarsa ba. Mai gyara ya faɗa da kansa cewa yawancin masu zuwa wasanni suke nema. To idan an san ƙofar da ɓarawo yake shigowa, mene ne laifin doka idan ta tsaya a bakin ƙofar?

Injiniya_Bashir:
Malam mai tace fim, Allah ya mayar muku da alheri, babu mai musun abin da ya same ku. Sai dai ina so mu dubi tarihin na'urar da mai tambaya ya saya, domin a cikinsa akwai darasi. Lokacin da Sony ya fitar da PlayStation 3 a 2006, ya sayar da ita da damar sa mata manhajar Linux, mutum ya mayar da ita kwamfuta. Jami'o'i sun yi amfani da wannan dama, har rundunar sojin saman Amurka ta haɗa guda 1,760 wuri ɗaya ta yi babbar kwamfutar lissafi da su. A watan Afrilun 2010 kamfanin ya aiko da sabuntawa mai lamba 3.21 wadda ta cire wannan dama daga na'urorin da tuni suke gidajen mutane. Wanda ya ƙi sabuntawa ya rasa shiga dandalin intanet na kamfanin da na'urarsa, wanda ya karɓa ya rasa Linux. A watan Disambar shekarar, a wani taro a birnin Balin na Jamus, wata ƙungiya mai suna fail0verflow ta nuna cewa akwai kuskure a tsarin sa hannun kamfanin: lambar da ya kamata ta riƙa canzawa duk lokacin da aka sa hannu a kan manhaja, guda ɗaya ake ta maimaitawa, kuma da wannan ana iya lissafo mabuɗin sirri. Wani matashi ɗan Amurka da ya ƙware a kutsen na'urori, George Hotz, ya wallafa mabuɗin a watan Janairun 2011, kamfanin ya maka shi a kotu, suka sasanta a watan Afrilu bisa alƙawarin ba zai sake taɓa kayansu ba. Masu na'urorin da aka cire wa Linux kuwa sun yi shekaru suna shari'a kafin a sasanta a kan dala miliyan 3.75. Abin da nake so a lura shi ne, kamfani ya miƙa hannu daga nesa ya canza abin da ke ɗakin mutum, doka ba ta kira shi mai laifi ba, amma mai ɗakin idan ya yi ƙoƙarin mayar da abinsa yadda ya saya, shi ne doka take nema. Kuma ba duk buɗewa ce take haifar da sata ba. Manhajar Kodi da mutane ke kallon bidiyo da ita a yau, asalinta a kan Xbox na farko da aka buɗe aka gina ta, da sunan XBMC.

Sadiq_Zariya:
Injiniya, akwai guntun da ya faɗi a labarin. Tun a watan Janairun 2010 Hotz ya sanar da cewa ya samu hanyar shiga cikin na'urar, kuma ta ƙofar Linux ɗin ya bi. Wannan ne ya sa kamfanin ya rufe ta bayan wata uku, yana mai kafa hujja da tsaro. Ban ce ya yi daidai da ya hukunta kowa saboda mutum ɗaya ba, amma adalci ne a faɗi wanda ya fara.

Injiniya_Bashir:
Gaskiyarka, na karɓi gyara. Zan ƙara kawai da cewa ƙirar siririya da ta fito a 2009 an riga an cire mata Linux tun kafin Hotz ya yi komai.

Dalibin_Ilimi:
Ni ɗalibi ne, ba fatawa nake bayarwa ba, amma akwai abubuwa uku da muka karanta da suka shafi wannan magana. Na farko, Majalisar Fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwait a watan Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a take karewa, bai halatta a keta su ba. Saboda haka zuba wasan da ba a biya ba yana da nauyi a wuyan mutum ko da hukuma ba ta gan shi ba. Na biyu, a mazhabarmu ta Malikiyya, sharaɗin da yake taƙaita wa mai saye ikonsa a kan abin da ya mallaka, kamar a sayar masa da abu bisa sharaɗin kada ya sayar ko kada ya kyautar, sharaɗi ne da yake karo da manufar ciniki. Wannan yana ƙarfafa gefen mai tambaya game da ƙarfen da robar da ya saya. Na uku kuma shi ne babin toshe kafar ɓarna, inda malamai suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi, alhali inabin a kan kansa halas ne. A fahimtata, hukuncin bai rataya a kan cip ko filas ba, ya rataya ne a kan abin da mai gyara ya sani game da niyyar wanda ya zo wurinsa.

Gidan_Gem_Kawo:
Ina da gidan gem a Kaduna, talabijin shida, kuma da shi nake ciyar da iyalina da yara biyu da ke taya ni. Zan faɗi gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Sabon wasa na asali dala 70 ne tun daga 2020, wanda a canjin yau ya haura mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka amince da shi a 2024. Yaran da ke zuwa wurina 'yan canji ne a hannunsu, wasan ƙwallo ɗaya su biyu suke haɗa kuɗinsa, ga man janareta, ga hannun wasa da ke lalacewa duk bayan 'yan watanni. Ban ce talauci yana halatta kayan wani ba. Abin da nake cewa shi ne, idan aka rufe irin shagona gobe, kamfanin ba zai samu ko kwabo ƙari ba, domin babu yaro ɗaya a layinmu da zai je ya sayi faifan dala 70. Masu fim ɗin Kano sun yi asarar masu saye na gaske da suke da su a da. Su waɗannan kamfanoni ba su taɓa buɗe mana kasuwa ba balle su ce mun gudu daga cikinta.

Dan_Maradi:
Maganar ɗan'uwana na Kaduna ta ƙarshe ita ce ta fi damuna. Idan ka zo buɗe asusun PlayStation, a jerin ƙasashen babu Nijar, babu Nijeriya, a kudu da Sahara Afirka ta Kudu kaɗai za ka gani. Mu nan duk mai son ya sayi wasa ta hanyar halas sai ya rubuta cewa a Faransa yake zaune, ya nemi katin kuɗi na can a hannun 'yan kasuwa da riba a sama. Wato wanda ya ƙuduri niyyar biya ma sai ya fara da faɗin abin da ba gaskiya ba, kuma hakan da kansa saɓa wa ƙa'idar asusun ne. A zamanin PlayStation 2 kuwa an raba duniya kashi uku, faifan Amurka ba ya tashi a na'urar Turai, na Japan ma haka. Kayanmu na hannu ne, na'ura ta fito daga Turai ta Kwatano, faifai ya fito daga wani wuri dabam. Mutum yana riƙe da faifan asali da na'urar asali, amma sai da cip za su yi aiki tare. Wane marubucin wasa aka kare da wannan makulli?

Barista_Hauwa:
Wannan tambaya ta Malam na Maraɗi ita ce aka kai gaban kotun ƙolin Ostareliya, a shari'ar da Sony ya yi da wani mai suna Eddy Stevens, wanda yake sa wa na'urori cip a birnin Sidni. A watan Oktoban 2005 kotun ta ba Stevens gaskiya a kan batun cip ɗin, domin a lafazin dokarsu ta lokacin makullin ba kwafi yake hanawa ba, kunna faifai yake hanawa bayan an riga an kwafa, kuma yana hana kunna faifan halas da aka sayo daga wata ƙasa. Majalisar ƙasar ta gyara dokar a 2006 ta faɗaɗa kariyar, amma ta cire makullin raba kasuwa daga cikin abin da ake karewa. A Ingila kuwa babbar kotu ta haramta katin R4, wanda ake ƙetare makullin na'urar Nintendo DS da shi, a 2010, duk da masu sayarwa sun ce ana amfani da shi wajen kunna wasannin da mutane suka rubuta da kansu. Hukuncin da ya fi kwanta mini shi ne na kotun Tarayyar Turai a watan Janairun 2014, tsakanin Nintendo da wani kamfanin Italiya mai suna PC Box. Kotun ta ce doka tana kare makulli ne gwargwadon yadda yake kare haƙƙin mallaka, kuma dole alƙali ya duba ko akwai wata hanya da za ta kare wasan ba tare da ta toshe ayyukan halas ba, ya kuma duba abin da mutane suke yi da kayan buɗewar a zahiri. Da shari'ar ta koma Milan, Nintendo ne ya yi nasara, saboda an nuna satar ce ta fi yawa. Ra'ayina na ƙashin kai shi ne, a hukunta mai kasuwancin wasannin sata da mai ƙera kayan da ba su da wani amfani sai wannan, amma mutum da na'urarsa, da mai gyaran da ya ceto ta daga bola, bai kamata su shiga sahun masu laifi ba.

Malamin_Tattali:
Barista, akwai lissafin da ya kamata a sa a ma'auni. Na'urar wasa ba kamar wayar hannu ake cinikinta ba. Kamfanoni sukan sayar da ita a farashin da bai kai kuɗin ƙera ta ba, da niyyar su fanshe daga wasanni, inda suke karɓar kusan kashi 30 cikin 100 na abin da aka sayar a shagonsu na intanet. A shari'ar kamfanin wasanni na Epic da kamfanin Apple a 2021, wata jami'ar Microsoft mai suna Lori Wright ta shaida wa kotu cewa kamfaninsu bai taɓa cin riba a kan sayar da na'urar Xbox ita kanta ba. Ke nan sauƙin farashin da mai saye ya samu, makullin ne ya jawo shi. Idan doka ta bar kowa ya buɗe, ko dai na'urar ta yi tsada, ko kuma kuɗin da ake zubawa a sababbin wasanni ya ragu.

Injiniya_Bashir:
Malam, lissafinka daidai ne, amma tsarin kasuwanci ne da kamfani ya zaɓa wa kansa. Mai injin niƙa da ya rage kuɗin niƙa domin a riƙa sayen gari a shagonsa, idan mutane suka niƙa suka wuce, farashinsa zai gyara, ba 'yan sanda zai kira ba. Kuma kamfanonin suna da sandar dukansu ba tare da kotu ba. A watan Nuwamban 2009 Microsoft ya kori dubban ɗaruruwan na'urorin Xbox 360 da aka buɗe daga dandalinsa na intanet, kuma ban ga laifinsa ba, dandalinsa ne, masu maguɗi kuma suna ɓata wa sauran 'yan wasa rai. Inda na tsaya shi ne abin da Nintendo ya rubuta a yarjejeniyar masu asusu a Amurka a watan Mayun 2025, cewa yana iya mayar da na'urar wanda ya saɓa ta zama ba ta da amfani har abada. Hana mutum shiga gidanka dabam, lalata masa kaya dabam.

Ummu_Khalil:
Ni uwa ce kuma malamar makaranta, ba ni da ilimin wayoyi. Ɗana na fari yana da shekara 13 ya kwance tsohuwar na'urar kawunsa a kan tabarma, ya jera notuna a cikin murfin kwano bisa tsari domin kada ya manta wurin kowanne, ya kwana biyu yana bin bayani har ta tashi. Daga nan sha'awar karatun kwamfuta ta shige shi, yanzu yana jami'a. Ina tsoron dokar da za ta koya wa yaranmu cewa leƙa cikin na'ura laifi ne, alhali mun fi kowa buƙatar masu leƙawa. Amma na yarda da Malam mai tace fim a kan abu ɗaya, kuma na faɗa wa ɗana tun lokacin: iya buɗe ƙofa bai ba ka abin da ke cikin ɗakin ba.

Taskar_Tarihi:
Ina aiki a ɗakin karatu, kuma abin da ya shafe ni shi ne adanawa. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa kuma. Nintendo ya rufe shagon intanet na na'urorinsa 3DS da Wii U ranar 27 ga Maris 2023, Microsoft ya rufe na Xbox 360 ranar 29 ga Yulin 2024, kuma akwai wasannin da ba a taɓa buga su a faifai ba. Da Sony ya sanar da rufe na PlayStation 3 a 2021, sai da mutane suka yi ca kafin ya janye. Littafi idan madaba'a ta daina buga shi, kwafin da ke kan kanta yana nan ana karantawa. Wasa kuwa idan na'urarsa ta mutu aka kuma hana buɗe wata, ya tafi ke nan. Ta hanyar buɗaɗɗun na'urori ne masu sha'awa suka fassara wasannin Japan zuwa harsunan da kamfanoni ba su waiwaya ba, kuma da wuya a ga wasa yana magana da Hausa ta wata hanya da ba wannan ba.

Tace_Fim_Kano:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma na yarda gyara da adanawa da faifan wata ƙasa ba sata ba ne. Amma har yanzu ba wanda ya gaya mini yadda jami'in Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka zai bambance su idan ya shiga shago. Cip ɗaya ne, filas ɗaya ne, mai gyara ɗaya ne. Mu da muka ɗanɗana mun san cewa duk ƙofar da aka bari don mutum ɗaya na kirki, mutum ɗari ne suke bi ta cikinta.

Barista_Hauwa:
Malam, bambancewar tana yiwuwa, domin shaida tana nan a fili. Shagon da ke da rumbun ajiya cike da wasanni ɗari biyu da takardar farashin zubawa a bango, tsohuwar dokar kwafi ma ta ishe shi, ba a buƙatar sashen makulli kafin a kama shi. Sashen makulli yana ƙara wa hukuma iko ne a kan wanda ba a same shi da kwafi ba, kuma shi ne mutumin da nake jin tsoro a kansa.

Abban_Hafsa:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Sadiq, na karɓi gyaranka game da Bowser. Har yanzu zuciyata tana kan cewa na'urar tawa ce kuma bai kamata a kira ni mai laifi don na taɓa cikinta ba, amma maganar ɗalibin ilimi ta sa ba zan bari a zuba mini wasan da ban biya ba. Abin da ya rage mini shi ne wannan: idan na sayi faifan asali na hannu, na kwafe shi a cikin na'urar domin yara kada su kakkarce shi, na ajiye faifan a akwati, shin na shiga haƙƙin wani? Barista da Malam ɗalibi, ina jiran ku.

MaiGyara_Fagge:
Kafin su amsa, Malam, ga abin da ya shafi ɓangarena. Na'urar da ta kai wannan shekaru, idonta na karanta faifai shi ne yake fara gajiya, kuma ƙurar hunturu tana ƙarasa shi da wuri, saboda haka ka sama mata wuri mai iska, nesa da ƙasa, a riƙa rufe ta da kyalle idan an kashe. Faifan asali na hannu ana samu idan an yi haƙuri, akwai masu kawo su tare da kayan Beljiyam, sai dai ka ɗaga kowanne a haske ka duba bayansa kafin ka biya. Ka kuma tambayi mai gyaranka lambar ƙirar da ke liƙe a bayanta, domin ba kowace ƙira ce take karɓar irin buɗewar da kake nufi ba.